Sharhi: Yadda tallafin gwamnati ke riƙe da noman auduga a yammacin Texas

A ranar 4 ga Yulin 2025 Shugaban Amurka Donald Trump ya sa hannu kan babbar dokar haraji da kashe kuɗi da jam'iyyarsa ta Republican ta tsara. Hankalin jama'a ya fi karkata ne kan rage haraji da kuma zaftare kusan dala biliyan 186 daga shirin tallafin abinci na marasa ƙarfi a cikin shekara goma. Sai dai a cikin dokar akwai ƙarin sama da dala biliyan 60 ga shirye-shiryen tallafa wa manoma, kuma masu noman auduga na cikin waɗanda suka fi cin gajiyarsa.

Farashin da gwamnati ke lamunce wa manomi a kan audugar da ba a gurza ba ya tashi daga santi 36.7 zuwa santi 42 kan kowace laba. Santi 100 ne dala ɗaya, laba kuwa ba ta cika rabin kilo ba. Ƙarin kamar ba wani abu ba ne, amma idan aka ninka shi a miliyoyin eka sai ya zama ɗaruruwan miliyoyin daloli a duk shekarar da kasuwa ta faɗi.

Babu inda aka fi jiran wannan ƙari kamar yankin da ke kewaye da birnin Lubbock a yammacin jihar Texas. Ɗan majalisar da ya gabatar da ƙudurin dokar, Jodey Arrington, wannan yanki yake wakilta. Duba yadda kuɗin ke shiga gonakin wurin na nuna cewa tallafin ya wuce agajin shekarar fari, ya zama abin da sana'ar ke tsaye a kansa.

Ƙasar auduga mai ƙarancin ruwa

Texas ce ke shuka kusan rabin gonakin audugar Amurka, kuma kaso mafi tsoka yana shimfiɗaɗɗiyar ƙasar da ke kewaye da Lubbock. Ruwan saman da ake samu a can bai cika milimita 500 a shekara ba, wato ƙasa da abin da Kano ke samu a damina ɗaya. Ga iska mai ƙarfi, ga ƙanƙara da kan zubo ta ragargaza shuka.

Abin da ya mayar da wurin cibiyar auduga bayan Yaƙin Duniya na Biyu shi ne ruwan ƙarƙashin ƙasa da ake kira Ogallala, wanda ya ratsa jihohi takwas. An haƙa dubban rijiyoyin burtsatse ana ban ruwa. Matsalar ita ce a kudancin yankin ruwan da ake zuƙowa ya ninka wanda ke komawa ƙasa sau da yawa. Rijiyoyi da dama sun ja baya, kuma a yau mafi yawan gonakin audugar Texas da ruwan sama suka dogara.

Shekarar 2022 ta nuna irin hatsarin da ke cikin hakan. A watan Mayun shekarar farashin auduga a kasuwar New York ya haura dala ɗaya da rabi kan laba, farashin da aka yi shekara goma ba a ga irinsa ba. Amma fari ya sa manoman Texas suka yi watsi da kusan kashi uku cikin huɗu na gonakin da suka shuka ba tare da sun ɗebi komai ba. Abin da jihar ta samu bai kai rabin na 2021 ba.

Da a wata ƙasa ce, irin wannan shekara kan tashi ƙauyuka. A Texas akasarin manoman sun koma gona a 2023, domin asarar ba a wuyansu kaɗai ta faɗa ba.

Hanyoyin da kuɗin ke bi

Hanya ta farko ita ce lamunin farashi, shirin da ake kira PLC. Gwamnati kan haɗa farashin gurzajjiyar auduga da na gurya ta fitar da matsakaicin farashin shekara. Idan ya gaza santi 42, sai ta biya cikon. Ba a kan abin da manomi ya shuka a bana ake lissafin ba. Ana yin sa ne a kan yawan ekar da aka yi wa gonar rajista bisa tarihin nomanta, da kuma yawan amfanin da aka rubuta mata, sannan a biya kashi 85 cikin 100 na ekar.

A ɗauki misalin gona mai eka 1,000 a rajista, wadda aka rubuta mata laba 1,500 a kowace eka. Idan matsakaicin farashi ya tsaya a santi 33, a tsohon tsari za a biya ta kimanin dala 47,000. A sabon tsari kuɗin zai kai kusan dala 115,000. Ko mai gonar ya shuka dawa a wannan shekara maimakon auduga, kuɗin na nan.

Hanya ta biyu bashi ne da gwamnati ke bayarwa bayan ɗibar auduga, inda audugar kanta ke zama jingina. Sabuwar dokar ta ɗaga shi zuwa santi 55 kan labar gurzajjiyar auduga, daga santi 52. Idan farashin duniya ya faɗi ƙasa da haka, manomi zai biya bashin ne a kan farashin da ya faɗi, ya riƙe ragowar.

Ta uku, wadda ta fi muhimmanci a yammacin Texas, ita ce inshorar amfanin gona. Kamfanoni masu zaman kansu ne ke sayar da ita, amma gwamnati ke biyan kimanin kashi 60 cikin 100 na kuɗin da ya kamata manomi ya biya, ta kuma biya kamfanonin kuɗin gudanarwa. A wani nau'in inshorar da aka keɓe wa auduga mai suna STAX, kason gwamnati ya kai kashi 80. Inshorar kan lamunce kuɗin shigar gona ne bisa farashin da ake hasashe kafin shuka. A 2022 wannan farashi ya haura dala ɗaya kan laba, shi ya sa diyyar gonakin da suka ƙone ta yi kauri.

Ta huɗu ita ce agajin gaggawa, wanda yanzu ya kusa zama na duk shekara. A 2018 da 2019 gwamnatin Trump ta raba wa manoma kimanin dala biliyan 23 saboda rikicin kasuwanci da ƙasar Sin. A Disambar 2024 majalisa ta amince da wasu dala biliyan 10, inda aka ware wa auduga kusan dala 85 kan kowace eka. A Disambar 2025 aka sake sanar da dala biliyan 12.

Tallafin da ke sauya suna

Tsarin ya samo asali ne daga 1933, lokacin da tattalin arzikin duniya ya durƙushe, farashin auduga ya karye. Gwamnatin Franklin Roosevelt ta biya manoma suka kaftar da sama da eka miliyan 10 na audugar da ta riga ta tsiro, domin a rage yawanta a kasuwa. Masu gonaki aka miƙa wa kuɗin. Da yawansu suka sallami talakawan da ke noma musu ana raba amfani, baƙar fata da farar fata, suka sayi tarakta. Kotun Ƙoli ta soke dokar a 1936, majalisa ta kawo wata a 1938.

Wannan salo, na a rufe ƙofa ɗaya a buɗe wata, ya sake fitowa fili a shari'ar da Birazil ta shigar da Amurka gaban Ƙungiyar Kasuwanci ta Duniya, WTO, a 2002. Birazil ta ce tallafin na sa Amurka noma audugar da ta fi ƙarfin kasuwa, yana kuma danne farashin duniya. Ta yi nasara a 2004, ta sake yin nasara a ɗaukaka ƙara a 2005. A 2009 aka ba ta izinin ramuwa a kan kayayyakin Amurka na sama da dala miliyan 800.

Amurka ta soke wani shiri guda da ke biyan masu fitar da auduga da masaƙun cikin gida a 2006, amma sauran suka ci gaba. Daga 2010 ta amince ta riƙa biyan wata cibiyar manoman audugar Birazil dala miliyan 147.3 a shekara domin a jingine ramuwar. Ma'ana mai biyan haraji a Amurka ya koma tallafa wa manoman auduga na ƙasa biyu. A Oktoban 2014 aka rufe shari'ar da biyan dala miliyan 300 a dunƙule.

Dokar noma ta 2014 ta cire auduga daga jerin amfanin gonar da ake lamunce wa farashi, aka ba ta inshorar STAX a madadi. Manoma suka ce ba ta wadatar ba. A 2016 ma'aikatar noma ta ɓullo da shirin biyan wani kaso na kuɗin gurza. A Fabrairun 2018 majalisa ta mayar da auduga cikin jerin ta wata dabara: aka ce ba gurzajjiyar auduga ake lamunce wa ba, audugar da ke haɗe da guryarta ce. Cikin shekara huɗu abin da shari'ar ta fitar ya dawo da sabon suna.

Ba a rasa dalilin siyasa ba. Larry Combest na Lubbock ne shugaban kwamitin noma na majalisar wakilai lokacin da aka rubuta dokar noma ta 2002, kuma jagoran 'yan Democrat a kwamitin, Charles Stenholm, manomin auduga ne daga Texas. A 2018 Mike Conaway, shi ma daga yammacin Texas, ke riƙe da kujerar. Ƙungiyoyi irin su National Cotton Council da Plains Cotton Growers sun ƙware wajen bin ƙudurin doka layi bayan layi.

Wa ke samun kaso mafi tsoka?

Tunda da eka ake auna kuɗin, mai babbar gona shi ke da babban rabo. Ƙungiyar Environmental Working Group, wadda ke tattara bayanan biyan tallafin tun daga na 1995, ta daɗe tana nuna cewa kashi 10 cikin 100 na masu karɓa ne ke kwashe sama da kashi 70 na kuɗin tallafin amfanin gona.

A takarda akwai iyaka. Mutum ɗaya ba ya wuce dala 125,000 a shekara, adadin da dokar 2025 ta ɗaga zuwa 155,000. Amma idan gona ta haɗin gwiwa ce, kowane abokin tarayya da aka rubuta cewa yana da hannu a tafiyar da ita yana da tasa iyakar. Dokar 2018 ta faɗaɗa ma'anar iyali har ta haɗa da 'ya'yan 'yan'uwa da taubasai, ta 2025 kuma ta ba wasu nau'o'in kamfanoni irin wannan dama. Kason da gwamnati ke biya na inshora kuwa ba shi da iyaka ko kaɗan.

Wani kaso kuma ba ya tsayawa a hannun mai noman. Manoma da yawa hayar gona suke yi, kuma masana tattalin arzikin noma sun daɗe da nuna cewa gonar da ke da rajistar tallafi ta fi tsadar haya da tsadar saye. Don haka wani ɓangare na kuɗin kan ƙare a aljihun mai ƙasa, wanda ta yiwu a birni yake zaune. Matashin da ke son fara noma shi ke tarar da farashin ya fi ƙarfinsa.

Akwai kuma waɗanda lamunin bai shafa ba. A shekara irin 2022 inshora ta biya mai gona, amma gidajen gurza, direbobin manyan motoci, ma'aikatan rumbunan ajiya da leburorin da ake ɗauka lokacin kaka, waɗanda da yawansu 'yan asalin Meziko ne, aikinsu ya dogara ne da audugar da aka ɗiba. Idan babu ita, babu albashi.

Hujjar manoman

Duk da haka, kukan manoman Texas ba na ƙarya ba ne. Daga ƙarshen 2024 zuwa 2025 farashin auduga ya fi zama ƙasa da santi 70 kan laba, bai kai rabin na Mayun 2022 ba, alhali taki, iri, man dizal da kuɗin ruwan banki duk sun tashi. Sabon injin ɗibar auduga na kamfanin John Deere ya kusa dala miliyan ɗaya. Bankuna ba sa ba da bashin noma sai sun ga takardar inshora. Kuɗin PLC na amfanin 2025 kuma ba ya fita sai Oktoban 2026, wanda shi ne dalilin da aka bayar na agajin gaggawa.

Kasuwar cikin gida ma ta tsuke. A 1997 masaƙun Amurka na cinye kusan dila miliyan 11 na auduga a shekara, kowace dila kimanin kilo 218. Yanzu ba sa kai dila miliyan biyu. Yawancin abin da aka noma sai an fitar da shi zuwa Biyetnam, Pakistan, Turkiyya, Sin da Bangaladash. A can kuma zaren foliyesta, wanda ake samu daga man fetur, ya kwashe fiye da rabin kasuwar zare ta duniya, auduga ta koma kusan kashi ɗaya cikin biyar.

Manoman kan kuma nuna yatsa ga abokan gogayya. Sin na lamunce wa manoman yankin Xinjiang yuwan 18,600 kan kowane tan, kuma alƙaluman kwamitin ba da shawara kan auduga na duniya, ICAC, sun daɗe suna sa ta a sahun gaba wajen yawan tallafi. Indiya na da farashin gwamnati da wani kamfaninta ke sayen auduga a kai. Hujjarsu ita ce idan Amurka ta janye ita kaɗai, wasu ne za su cike gurbin.

Amma wadda ta ƙwace wa Amurka kambi ba da tallafi ta fi ta ba. A kakar 2023 zuwa 2024 Birazil ta zama ta ɗaya a duniya wajen fitar da auduga. A jihar Mato Grosso ana shuka auduga ne bayan an girbe waken suya a gona ɗaya, da ruwan sama, kuma abin da hekta ke bayarwa ya kusa ninka na Amurka. Tallafi na iya riƙe manomi a gona, amma ba ya ƙara wa Lubbock ruwan sama.

Inda abin ya taɓa Afirka

Farashin da manomin auduga ke samu a kudancin Chadi, ko a yankin Garwa na Kamaru, ko a Funtuwa da Gusau, yana bin farashin duniya, ko kai tsaye ko a kaikaice. Shi ya sa tallafin Texas ya taɓa zama babban batu a Afirka. A 2002 ƙungiyar Oxfam ta fitar da rahoton da ya ce manoman audugar Amurka kimanin 25,000 sun karɓi dala biliyan 3.9 a kaka ɗaya, kuɗin da ya zarce dukkan abin da tattalin arzikin Burkina Faso ke samarwa a shekara a wancan lokaci.

A 2003 Benin, Burkina Faso, Chadi da Mali suka haɗa kai suka kai ƙorafi WTO, kuma batun na cikin abubuwan da suka wargaza taron Cancun na watan Satumbar shekarar. A taron Hong Kong na 2005 aka yi alƙawarin gaggauta magance shi. A Nairobi a 2015 aka amince a daina tallafin fitar da auduga waje. Tallafin cikin gida, wanda shi ne ainihin ƙorafin, har yau ba a cimma matsaya a kansa ba. Abin da ƙasashen suka samu a zahiri shi ne Ranar Auduga ta Duniya, 7 ga Oktoba, da aka fara a 2019.

Hanyar da Birazil ta bi ma ta toshe. Tun Disambar 2019 kotun ɗaukaka ƙara ta WTO ba ta zama, saboda Amurka ta hana naɗa sabbin alƙalai. Ƙasar da aka kayar a matakin farko tana iya ɗaukaka ƙara zuwa kotun da babu kowa a cikinta, magana ta tsaya nan.

Sai dai lissafin ya sauya daga na 2003. Kason Amurka a audugar duniya ya ragu, kuma ko da Washington ta soke tallafinta gobe, na Sin da na Indiya na nan, ga Birazil, ga foliyesta. Babban bambancin da ya rage tsakanin manomin Texas da na Sahel shi ne wanda ke ɗaukar asara. Idan damina ta ƙi ko kasuwa ta faɗi, na farko yana da baitulmali a bayansa, na biyu kuwa akuya ko sa zai kai kasuwa ya biya bashin taki.

Abin da za a sa wa ido

Dokar 2025 ta tsawaita shirye-shiryen lamunin farashi zuwa 2031, ta kuma ba da damar ƙara eka miliyan 30 a rajistar tallafi a faɗin ƙasar. Masu goyon bayanta sun ce ƙarin zai kawo ƙarshen agajin gaggawa. Sanarwar dala biliyan 12 da ta zo wata biyar bayan sa hannu ta raunana wannan magana.

Abu na biyu shi ne ruwa. A dokar Texas, mai ƙasa ke da ruwan da ke ƙarƙashinta, kuma hukumomin kula da ruwa na yankin ba su da ƙarfin hana zuƙa sosai. Yayin da rijiyoyi ke ƙafewa, ƙarin gonaki za su koma dogaro da ruwan sama, yawan gonakin da ake watsarwa zai ƙaru, kuɗin inshora ya ƙaru tare da shi. Masu suka na cewa inshorar da gwamnati ke biyan mafi yawan kuɗinta tana sa a ci gaba da shuka auduga a ƙasar da ta fi dacewa da kiwo. Manoman kuma na cewa a cikin abin da za a iya sayarwa, babu shukar da ta kai auduga jure ƙishi a wurin.

Kowane ɓangare na da tasa gaskiyar, amma babu ɗaya daga cikin shirye-shiryen huɗu da aka tsara domin taimaka wa yankin ya rage dogaro da auduga. Dukkansu suna biya ne bisa gonar auduga, ta yau ko ta tarihi. Za a fara ganin nauyin sabon farashin santi 42 a kan baitulmali daga Oktoban 2026, lokacin da ma'aikatar noma za ta soma biyan kuɗin amfanin 2025.